Lincoln ya ƙi bauta har zuci, ko yaƙi ne ya tilasta masa?

"Assalamu alaikum Malam. A makaranta an koya mana cewa Abraham Lincoln ne ya 'yanta bayi a Amurka. Kwanan nan kuma na ji wani yana cewa ba haka ba ne, wai shi da kansa ya rubuta cewa in zai iya ceto ƙasarsa ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba, zai yi. Wai kuma bai yarda baƙar fata daidai yake da farar fata ba. To wanne ne gaskiya? Mutumin kirki ne, ko ɗan siyasa ne da yaƙi ya matsa wa lamba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙage ba. Lincoln ya faɗi maganganun nan biyu, ɗaya a gaban taron jama'a a 1858, ɗaya kuma a wasiƙa a 1862. Abin da aka koya muku a aji shi ma yana da tushe, an dai gutsure shi ne. Tambayarka ta ƙulle abubuwa uku wuri guda: ko ya ƙi bauta, ko ya yarda da daidaito tsakanin baƙar fata da farar fata, da kuma abin da doka ta ba shi ikon yi a kujerar da yake kai. Bayan shekarun da na yi ina koyar da wannan tarihi, ga inda na tsaya: ƙin bautar da yake yi na gaske ne tun yana saurayi, amma a kan daidaito ya daɗe yana baya, kuma bayin da kansu suna cikin waɗanda suka jawo shi gaba.

Inda ya taso

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu 1809 a wata bukkar gungumen itace a jihar Kentucky, inda doka ta halatta riƙe bayi. Mahaifinsa Thomas manomi ne kuma kafinta, ba shi da bawa. A 1816 suka yi ƙaura zuwa Indiana, mahaifiyarsa ta rasu a 1818, sannan a 1830 suka ƙara gaba zuwa Illinois. In aka haɗa duk zaman ajin da ya yi, da kyar ya cika shekara guda. Aikin lauya ma da kansa ya koya daga littattafan aro. Har ya kai shekara 21, mahaifinsa kan tura shi ƙwadago a gonakin maƙwabta ya karɓe kuɗin, kamar yadda dokar lokacin ta yarda. Sau biyu, a 1828 da 1831, ya tuƙa jirgin dakon kaya a kogin Mississippi har New Orleans, birnin da ya fi ko'ina kasuwar bayi a ƙasar.

Hujjar farko da muke da ita a rubuce ta 1837 ce. Yana ɗan shekara 28 a majalisar dokokin Illinois, majalisar ta yi Allah wadai da ƙungiyoyin masu neman a soke bauta. Shi da wani ɗan majalisa mai suna Dan Stone suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, suka ce an gina bauta a kan zalunci da kuma mummunar siyasa. A takardar dai suka ƙara da cewa hayaniyar masu neman sokewa tana ƙara dagula lamarin. Ka ga tun daga nan halinsa ya bayyana: ya kira abin da sunansa, amma yana gudun masu gaggawa. Babu ƙuri'ar da wannan takarda za ta jawo masa a Illinois ta wancan lokaci, sai ma asara.

Akwai kuma wasiƙar da ya rubuta wa amininsa Joshua Speed a 1855, wanda danginsa masu bayi ne. Ya tuna masa tafiyar da suka yi tare a jirgin ruwa a 1841 daga Louisville zuwa St. Louis, inda suka ga bayi goma ko goma sha biyu an haɗa su da mari. Ya ce ganin nan bai daina azabtar da shi ba. Ya ce yana ƙin ganin ana farautar waɗanda suka gudu a mayar da su ga bulala, amma yakan cije leɓe ya yi shiru. Wasiƙa ce tsakanin aboki da aboki, ba a rubuta ta don jarida ba, shi ya sa nake ba ta nauyi. Sai dai a gefe guda, a 1847 Lincoln ɗin nan ya tsaya a kotu a matsayin lauyan wani mai bayi, Robert Matson, da ke neman a mayar masa da wata mata da 'ya'yanta. Bai yi nasara ba, aka sake su. Wannan tabo ne, kuma ban ga amfanin a ɓoye shi ba.

Abin da ya ɗaure masa hannu

A ƙidayar 1860 mutanen Amurka sun kai miliyan 31, kusan miliyan 4 daga ciki bayi ne, mafi yawansu a gandayen auduga, taba, rake da shinkafa na Kudu. Auduga kaɗai ta fi rabin abin da ƙasar ke sayarwa waje, masaƙun Ingila sun dogara da ita. Kundin tsarin mulki ya bar maganar bauta a hannun kowace jiha, har ya wajabta a mayar da bawan da ya gudu. Kusan duk lauyoyin zamanin, har da da yawa cikin masu ƙin bauta, sun yarda cewa gwamnatin tarayya ba ta da ikon taɓa bauta a cikin jiha a lokacin zaman lafiya. Inda take da iko shi ne sababbin yankunan yamma da ba su zama jihohi ba tukuna.

A nan rigimar ta tashi. Tun 1820 akwai yarjejeniyar da ta hana bauta a arewacin wani layi a waɗannan yankuna. A 1854 Sanata Stephen Douglas ya jagoranci dokar Kansas da Nebraska, wadda ta rushe wannan shinge ta ce mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu. Lincoln a lokacin ya koma aikin lauya bayan zango ɗaya a majalisar wakilai daga 1847 zuwa 1849. Dokar nan ce ta dawo da shi fagen siyasa, kuma ita ta haifi jam'iyyar Republican, wadda ya shiga daga baya. Dabararsa irin ta masu kashe gobarar daji ce: a share kewaye, wutar ta ci abin da ke gabanta ta mutu. A hana bauta yaɗuwa, sannan a lallaɓi jihohi su soke ta sannu a hankali tare da biyan iyayengiji diyya. Ga wanda ke ƙarƙashin bulala, wannan shiri ne mai ɗaci, domin yana nufin shi da 'ya'yansa, wataƙila har jikokinsa, su mutu a bauta. Amma masu bayi ba su ɗauke shi wasa ba ko kaɗan.

Maganar Charleston

A 1858 ya nemi kujerar Douglas a majalisar dattawa, suka yi muhawara sau bakwai a garuruwan Illinois. Shekara guda kafin nan kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ita kanta Illinois tana da dokar 1853 da ta hana baƙaƙen fata shigowa su zauna. Douglas ya riƙa tsokanar jama'a da cewa Lincoln na son a daidaita su da baƙaƙe. A garin Charleston, ranar 18 ga Satumba, Lincoln ya amsa da cewa bai taɓa goyon bayan daidaito a zamantakewa ko siyasa tsakanin jinsunan biyu ba, ba ya neman baƙaƙe su yi zaɓe, ko su zauna a masu taya alƙali yanke hukunci, ko su riƙe muƙami, ko su yi auratayya da farare.

Wasu kan ce ai neman ƙuri'a ne kawai. Ni ban yarda a wanke shi da wannan ba, domin ko a 1862 yana shugaban ƙasa ya kira wasu manyan baƙaƙen fata fadarsa ya ce musu zai fi kyau su bar ƙasar. Ya daɗe yana goyon bayan a kwashe 'yantattu zuwa Laberiya ko Amurka ta Tsakiya, kuma a 1863 an kai mutum kusan 450 wani tsibiri na Haiti, inda cuta da yunwa suka kashe wasu, aka kwaso sauran a 1864. To amma a muhawarar farko ta 1858, a garin Ottawa, ya ce a haƙƙin mutum ya ci gurasar da hannunsa ya samo ba tare da neman izinin kowa ba, baƙar fata daidai yake da shi, daidai yake da Douglas, daidai yake da kowane mai rai. Duka biyun nasa ne. Ya yarda bawa mutum ne da ba a isa a mallake shi ba, bai kai ga yarda da shi a matsayin cikakken ɗan ƙasa ba.

Ya faɗi zaɓen sanata, amma sunansa ya zagaye ƙasa. A Nuwamban 1860 ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, abokan hamayya sun rabu gida uku. Kafin a rantsar da shi ranar 4 ga Maris 1861 jihohi bakwai sun ɓalle, South Carolina ce kan gaba. Ba su ɓoye dalili ba. Takardar ɓallewar Mississippi ta ce matsayinsu ya ta'allaƙa ne kacokan da bauta, mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya ce ginshiƙin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba. A wannan lokaci na rikicin siyasa an kawo wa Lincoln tayin sulhu: ya yarda bauta ta yaɗu a kudu maso yamma, ƙasa ta zauna lafiya. Ya ƙi fafur. Ya yarda dai ya sake tabbatar musu ba zai taɓa bauta inda take ba. Ranar 12 ga Afrilu 1861 aka buɗe wuta a sansanin Sumter, yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gwamnatin tarayya ta Arewa da 'yan awaren Kudu, jihohi huɗu suka ƙara bin 'yan aware.

Wasiƙar da ake yawan kawowa

Jihohi huɗu masu bayi ba su ɓalle ba: Kentucky, Missouri, Maryland da Delaware. Maryland ce ta kewaye Washington ta arewa. Lincoln ya rubuta cewa rasa Kentucky kusan daidai yake da rasa komai. Saboda haka da wasu janar-janar biyu, Frémont a 1861 da Hunter a 1862, suka yi gaban kansu suka ayyana 'yancin bayi a yankunansu, ya soke umarnin. Masu ƙin bauta suka yi ta zaginsa.

Su bayin ba su jira kowa ba. A Mayun 1861 wasu mutum uku suka tsallaka ruwa cikin kwale-kwale zuwa sansanin Monroe a Virginia. Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar da su, ya ce tunda abokan gaba na amfani da su wajen haƙa ramukan yaƙi, ya ƙwace su kamar kayan yaƙi. Cikin 'yan watanni ɗaruruwa suka biyo, daga baya dubbai, maza da mata da goyo, duk inda sojan Arewa ya yada zango. Su ne suka tilasta wa Washington ta yanke shawara. A Afrilun 1862 ya sa hannu a dokar da ta 'yanta bayi kusan 3,000 na babban birnin, aka biya iyayengiji har dala 300 kan kowane mutum. Watanni biyu kafin nan ya ƙi yafe wa Nathaniel Gordon, matuƙin jirgin da aka kama da 'yan Afirka kusan 900 da ya ɗebo daga bakin kogin Kwango, yawancinsu yara. An rataye shi a New York. Lincoln mutum ne da ya yi suna wajen yafe wa sojojin da aka yanke wa hukuncin kisa, amma a wannan ya ƙi.

Yanzu ga wasiƙar. Ranar 22 ga Agusta 1862 ya amsa wa editan jarida Horace Greeley, wanda ya zarge shi da jan ƙafa. Ya ce babban burinsa ceto tarayya ne. In zai cece ta ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba zai yi, in zai cece ta da 'yanta dukkansu zai yi, in kuma da 'yanta wasu a bar wasu, shi ma zai yi. A aji nakan ba ɗalibai wannan sashe kaɗai, kuma kusan kullum hukuncinsu irin na mutumin da ya yi maka magana ne. Daga nan sai in ba su abu biyu. Na farko ƙarshen wasiƙar, inda ya ce wannan bayanin aikin ofishinsa ne, bai sauya burinsa na ƙashin kansa da ya sha faɗa ba, cewa kowane mutum a ko'ina ya zama ɗa. Na biyu kwanan wata: tun 22 ga Yuli, wata guda kafin wasiƙar, ya karanta wa ministocinsa daftarin sanarwar 'yanta bayi. Sakataren harkokin waje William Seward ne ya ba shi shawarar ya jira a ci wani yaƙi tukuna, kada a ce ihun wanda ya sha kaye ne. Ke nan lokacin da yake rubuta wa Greeley takardar tana aljihun teburinsa. Fahimtata ita ce yana share fage ne a zukatan fararen Arewa, waɗanda za su ba da 'ya'yansu don ƙasa amma ba za su bayar don bawa ba. Wannan fassara ce tawa da ta masana da dama. Akwai waɗanda ke karanta ta a matsayin ainihin ma'auninsa, ƙasa a gaba, bawa a baya. Takarda tana nuna abin da mutum ya rubuta da abin da ya aikata, a kansu kaɗai zan iya kafa hujja.

Bayan gumurzun Antietam ranar 17 ga Satumba, inda sojan Arewa ya tilasta wa 'yan aware ja da baya, ya fitar da gargaɗi ranar 22, sannan ya sa hannu a sanarwar ranar 1 ga Janairu 1863. Gaskiya ne ba ta shafi jihohin nan huɗu ba, ta kuma tsame Tennessee da wasu sassan Louisiana da Virginia. Dalili shi ne ikon da ya dogara da shi na babban kwamandan askarawa ne a kan yankin tawaye, ba shi da irinsa a jihar da ba ta yi tawaye ba. Duk da haka ta shafi mutum fiye da miliyan 3, kuma daga ranar duk inda sojan Arewa ya taka, 'yanci ya taka. Ta kuma buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar shiga soja. Kusan 180,000 suka shiga, da farko ana biyansu dala 10 a wata a cire 3 na kaki, farare kuma na karɓar 13, sai a 1864 aka daidaita. Cikinsu akwai ɗan Kukawa ta Barno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya bi ta Santambul da Rasha, ya ƙare a runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863.

Kada kuma a mance yaƙin ya sa ya yi abubuwan da har yau ake jayayya a kai. Ya ba soja ikon tsare mutane ba tare da kai su kotu ba. A Disambar 1862 ya amince aka rataye mutum 38 'yan ƙabilar Dakota a Minnesota, bayan ya sassauta wa mafi yawan mutum 303 da kotun soja ta yanke wa kisa.

Watan da aka gwada shi

In kana son wurin da za ka auna shi, duba Agustan 1864. Yaƙi ya shiga shekara ta huɗu, Janar Grant, babban kwamandan sojan Arewa, ya yi asarar dubban sojoji a Virginia, mutane sun gaji da ganin jerin sunayen matattu a jarida. Zaɓe saura wata uku. Ranar 23 ga watan ya rubuta wata 'yar takarda cewa da alama gwamnatinsa ba za ta dawo ba, ya naɗe ta ya sa ministoci suka sa hannu a bayanta ba tare da sun karanta ba. Shugaban jam'iyyarsa, Henry Raymond, ya matsa masa ya aika wa 'yan aware tayin sulhu bisa sharaɗi ɗaya kawai, dawowa tarayya, a ajiye maganar bauta. Lincoln har ya tsara takardar, sannan ya ajiye ta bai aika ba. A kwanakin ya gaya wa wasu baƙi daga Wisconsin cewa in ya mayar da baƙaƙen sojojin da suka yi masa yaƙi cikin bauta, ya cancanci tsinuwa duniya da lahira. Ya kuma kira Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama babban mai fafutuka, ya nemi su tsara yadda za a tura mutane Kudu su fito da bayi da yawa kafin ya sauka, tunda magajinsa na iya janye sanarwar. Mai neman kujera kawai ba ya yin haka a lokacin da ya ga kujerar na suɓucewa saboda wannan maganar. Wannan ne ya fi gamsar da ni fiye da duk jawabansa.

Birnin Atlanta ya faɗa hannun sojan Arewa a farkon Satumba, iska ta juya, Lincoln ya kayar da abokin takararsa Janar McClellan a zaɓen Nuwamba. Da yake ya san sanarwar 1863 matakin yaƙi ne da kotu za ta iya rushewa, ya sa ƙarfinsa duka a kan gyaran kundin tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta a ko'ina a ƙasar. Majalisar wakilai ta amince ranar 31 ga Janairu 1865 da ƙuri'a 119 da 56, bayan an bi 'yan adawa ɗaya bayan ɗaya da lallashi da alkawuran muƙamai. Douglass, wanda ya sha sukarsa, ya ce a 1876 Lincoln shugaban fararen fata ne da farko. In an auna shi da ma'aunin masu neman soke bauta, mai nawa ne mai sanyin jiki, in kuma an auna shi da ra'ayin mutanen ƙasarsa, mai sauri ne mai tsayin daka.

A kan daidaito ya motsa, amma bai kai ƙarshe ba. Janar Lee, babban kwamandan 'yan aware, ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865. Bayan kwana biyu, daga tagar fadarsa, Lincoln ya ce zai so a ba baƙaƙen fata masu ilimi da waɗanda suka yi soja damar jefa ƙuri'a. Ba duka ba, amma babu shugaban Amurka da ya taɓa faɗin haka a fili kafin shi. John Wilkes Booth, ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan 'yan aware, yana cikin taron. Ranar 14 ga wata ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford, ya cika washegari da safe yana da shekara 56. Jihohi sun kammala amincewa da gyaran na 13 a Disambar wannan shekara. Mataimakinsa Andrew Johnson, ɗan Tennessee, ya hau kujerar ya bar tsofaffin masu bayi suka koma kan mulkin jihohinsu, har sai da majalisa ta taka masa birki. An rubuta haƙƙin ƙuri'ar baƙaƙen maza a kundin tsarin mulki a 1870, jihohin Kudu suka bi ta harajin zaɓe, jarrabawar karatu da ta'addanci suka ƙwace shi, kuma bai dawo hannun yawancinsu ba sai da dokar zaɓe ta 1965.